Stevie Ray Vaughan: Makaɗin da ya kuɓuta daga ƙwaya, ajali ya tare shi a hanyar Chicago

A daren 26 ga Agustan 1990, manyan makaɗan jita biyar suka jeru a kan dandamali ɗaya a Alpine Valley, wani filin wasan kiɗa da ke jihar Wisconsin ta Amurka. Akwai Eric Clapton, wanda shi ne mai gayya, da Buddy Guy, da Robert Cray, sai kuma 'yan'uwa biyu daga jihar Texas, Jimmie Vaughan da ƙanensa Stevie Ray. Sun rufe taron da tsohuwar waƙar nan ta "Sweet Home Chicago".

Bayan an tashi, jirage huɗu masu saukar ungulu na jira domin kwasar makaɗan da ma'aikatansu zuwa birnin Chicago. Hazo ya sauko. Kamar yadda marubuta tarihinsa suka ruwaito, kujera ɗaya ce ta rage a ɗaya daga cikin jiragen, Stevie ya nemi wansa ya bar masa ita.

Jirgin ya tashi gab da ƙarfe ɗaya na dare, kuma bai yi nisa ba ya daki wani tudu da ake wasan zamiyar ƙanƙara a kansa. Duk mutum biyar da ke ciki suka mutu: matuƙin, da ma'aikatan Clapton uku, da Stevie Ray Vaughan. Sai da gari ya waye aka gano tarkacen. Shekarunsa 35.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora laifin a kan gazawar matuƙin wajen yin sama sosai kafin ya kai ga tudun, ga duhu ga hazo. Gwajin likitoci bai nuna alamar barasa ko ƙwaya a jikin Vaughan ba.

Wannan bayani na ƙarshe yana da nauyi ga duk wanda ya san labarinsa. Shekara huɗu kafin wannan dare, likita ya gaya masa cewa idan bai daina abin da yake sha ba, kwanakinsa sun kusa ƙarewa. Ya daina. Abin da ya yi da waɗannan shekaru huɗu, da kuma yadda ya riƙe dattawan da ya koyi kiɗa a wurinsu, su ne suka sa har yau ake maganarsa.

Yaron Oak Cliff

An haifi Stephen Ray Vaughan ranar 3 ga Oktoban 1954 a birnin Dallas, ya kuma tashi a unguwar Oak Cliff. Mahaifinsa lebura ne mai aikin shimfiɗa asbestos a masana'antu, mutum mai yawan shan barasa da saurin fushi. Mahaifiyarsa Martha ta yi aikin sakatariya.

Yana ɗan shekara bakwai aka saya masa jitar wasan yara. Malaminsa na farko shi ne wansa Jimmie, wanda ya girme shi da shekara uku da rabi. Idan Jimmie ya fita, Stevie kan ɗauki jitarsa da faifansa ya zauna yana kwaikwayo. Bai koyi karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne ya koya, yana maimaita faifai har sai yatsunsa sun kama abin da ya ji.

Faifan da ke ɗakin yawancinsu na baƙaƙen fata ne: Albert King, B.B. King, Freddie King, Muddy Waters, Otis Rush, Buddy Guy. Sai Lonnie Mack, wani Bature mai saurin hannu, da kuma Jimi Hendrix, wanda ya girgiza duniyar jita kafin ya mutu a Landan a 1970 yana da shekara 27.

Stevie bai kammala sakandare ba. A farkon shekarun 1970 ya bi sawun wansa zuwa Austin, babban birnin Texas, inda ya shafe kusan shekara goma yana kiɗa a ƙananan gidajen rawa, yau da kuɗi gobe babu.

Kiɗan da ya gada

Kiɗan blues ya samo asali ne a tsakanin baƙaƙen fata na kudancin Amurka, jikokin bayi, a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Kiɗa ne na mutum ɗaya da damuwarsa: talauci, wahalar gona, rabuwa da masoyi, tafiya ci-rani. Mawaƙi kan rera layi, jita ta yi masa amshi.

Wanda ya saba da sautin goge ko gurmi ba zai ji blues baƙo ƙwarai a kunnensa ba. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya danganta wasu siffofin tsohon blues da salon yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Najeriya zuwa arewacin Kamaru: mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya, da jan murya ana lanƙwasa ta.

Da baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa biranen arewacin Amurka neman aiki, blues ya bi su Chicago, aka jona jita da lantarki. A shekarun 1960 samarin Birtaniya irin su Clapton da ƙungiyar Rolling Stones suka ɗauke shi, suka ƙara masa ƙara da sauri. Wannan gaurayen ne ake kira blues rock.

Texas ma tana da nata jerin gwanaye, tun daga Blind Lemon Jefferson zuwa Lightnin' Hopkins da Freddie King. T-Bone Walker, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kaɗa blues da jitar lantarki, a Oak Cliff ya tashi, unguwar da Stevie ya girma a cikinta shekaru da yawa bayansa.

Sai dai lokacin da Stevie ya kai ƙarfinsa, kasuwar wannan kiɗa ta faɗi. Disko ya yi tashe, bayansa kiɗan na'ura ya mamaye rediyo da tashar MTV. Manyan kamfanonin faifai sun juya wa dattawan blues baya. Buddy Guy, duk da sunansa, ya yi shekaru babu wani babban kamfanin Amurka da ya ɗauke shi.

A Austin akwai wani gida da ya ƙi bin wannan guguwa. A 1975 Clifford Antone ya buɗe gidan rawa mai suna Antone's, yana gayyato tsofaffin makaɗan Chicago. A nan ne ya roƙi Albert King, mutumin da ba ya son a hau masa dandamali, ya bar wani siririn saurayi ya kaɗa tare da shi. King ya yarda, ya kuma ji salonsa na fitowa daga hannun yaron. Daga ranar suka ƙulla zumunci irin na uba da ɗa.

A 1978 Stevie ya kafa ƙungiyarsa, Double Trouble, wadda ya ɗauko sunanta daga wata waƙar Otis Rush. Chris Layton ne mai ganga. A 1981 Tommy Shannon ya shigo da jitar bas.

Ihun Montreux

Ranar 17 ga Yulin 1982, su ukun suka hau dandamalin bikin kiɗan jazz na Montreux a ƙasar Switzerland, alhali ko faifai ɗaya ba su da shi a kasuwa. Galibin waɗanda suka riga su wasa a daren sun yi kiɗa ne mai sanyi. Da Double Trouble suka saki ƙarar lasifikarsu, wasu daga cikin 'yan kallo suka yi ta yi musu ihun rashin so. Stevie ya sauka ransa a ɓace.

Amma a garin akwai mutum biyu da suka ji abin da masu ihu ba su ji ba. Mawaƙin Birtaniya David Bowie ya gayyace shi ya kaɗa jita a sabon kundin waƙoƙinsa, Let's Dance, wanda ya fito a 1983 ya zama kundin Bowie da ya fi kowane ciniki. Shi kuma Jackson Browne ya ba su aron ɗakin ɗaukar sautinsa na Los Angeles kyauta.

A cikin kwana uku na watan Nuwamban 1982 suka ɗauki waƙoƙin da suka saba yi a gidajen rawa, kusan yadda suke yin su a gaban jama'a. Kaset ɗin ya kai hannun John Hammond, dattijon da ya taimaka wajen fito da Billie Holiday da Aretha Franklin da Bob Dylan. Ta hanyarsa kamfanin Epic ya ɗauke su.

An shirya Stevie zai bi Bowie rangadin duniya, amma maganar ta wargaje saboda saɓani kan kuɗi da sharuɗɗa. Ya koma motar ƙungiyarsa da ƙananan dandamali. A watan Yunin 1983 kundin Texas Flood ya fito, ya kai matsayi na 38 a jadawalin Billboard, ya kuma sayar da fiye da kwafi 500,000, abin da ba a zaci kundin blues zai yi ba a wancan zamani.

Wasan Montreux ɗin da aka yi wa ihu ma bai tafi a banza ba. An sa waƙa ɗaya daga cikinsa a kundin haɗaka mai suna Blues Explosion, kundin kuma ya ci lambar yabo ta Grammy. A 1985 Stevie ya koma Montreux a matsayin babban baƙo.

Me ke cikin sautinsa?

Masu koyon jita har yau suna kashe kuɗi wajen neman sautin Vaughan. Wani ɓangare na sirrin a bayyane yake.

Jitarsa da ya fi so tsohuwar Fender Stratocaster ce ta farkon shekarun 1960, wadda ya samo a wani shagon kayan kiɗa a Austin. Yana kiranta Number One. Fentinta ya goge saboda duka da gumi, ga haruffan SRV manne a jikinta.

Yawancin makaɗan rock suna sa siraran tsirkiyoyi, lamba 9 ko 10, domin sun fi sauƙin lanƙwasawa. Shi lamba 13 yake yawan sawa, masu kauri da tauri, sannan ya ɗan sassauta su yadda muryar jitar za ta sauka ƙasa kaɗan. Wannan ne ke ba da sauti mai kauri da cika. Farashinsa kuwa fatar yatsu ce. Idan ta tsage, yakan liƙe ta da gam mai ƙarfi ya ci gaba da wasa.

Daga Albert King ya ɗauki jan tsirkiya har ta yi kamar kukan mutum. Daga Hendrix ya ɗauki haɗa kiɗan rakiya da na jagora a hannu ɗaya, abin da ke sa mutum uku su yi ƙarar mutum biyar. Yana kaɗawa da jita a bayansa ko a ƙeyarsa, dabarar da T-Bone Walker ya yi tun kafin a haife shi.

Ba ƙarfi kaɗai ya iya ba. "Lenny", kiɗan da ya yi wa matarsa ta lokacin, da "Riviera Paradise", duk a hankali suke tafiya, kusa da jazz. Jitar da ya yi "Lenny" da ita, a shagon 'yan jingina aka saya masa ita kan dala 350. A 2004 an yi gwanjonta kan dala 623,500.

Bashin dattawa

Akwai tambayar da ba a raba ta da sunan Vaughan. Me ya sa sai da Bature ya kaɗa kiɗan baƙaƙen fata sannan rediyo da kamfanoni suka buɗe ƙofa? Wasu masu sharhi sun ce bai ƙirƙiro sabon abu ba, Albert King da Hendrix kawai ya haɗa ya ƙara wa ƙara.

Ƙorafin yana da tushe. Launin fatarsa ya kai shi gidajen rediyon rock da ba sa saka Otis Rush ko Albert Collins. Kuma tarihin kiɗan Amurka cike yake da waɗanda suka ɗebi waƙoƙin baƙaƙe suka yi arziki ba tare da ambaton masu su ba.

Inda Vaughan ya bambanta shi ne bai taɓa ɓoye inda ya ɗebo ba. A hirarrakinsa yakan jero sunayen malamansa, ya tura masu sauraro su nemi faifansu. Waƙar "Texas Flood" da ta zama tambarinsa ta Larry Davis ce, ta 1958. A kundayensa akwai waƙoƙin Buddy Guy, Howlin' Wolf, Guitar Slim da Elmore James, kowacce da sunan mai ita.

A watan Disamban 1983, lokacin da tauraronsa ke haskawa, ya zauna gefen Albert King a wani gidan talabijin na birnin Hamilton a Kanada. A bidiyon, wanda aka fitar da sunan In Session, ana ganin yadda yake ja da baya ya bar dattijon ya ja ragama, sai an ba shi dama yake shiga. A 1985 kuma ya taimaka wajen shirya kundin Strike Like Lightning, wanda ya dawo da Lonnie Mack idon jama'a.

Cinikin faifansa ya nuna wa kamfanoni cewa blues na da masu saye. A shekarun da suka biyo baya Robert Cray ya yi fice da Strong Persuader a 1986, John Lee Hooker ya dawo da The Healer a 1989, Buddy Guy kuma ya fitar da Damn Right, I've Got the Blues a 1991, wanda ya ba shi Grammy ɗinsa na farko. Ba Vaughan kaɗai ya jawo wannan farfaɗowa ba, amma yana cikin waɗanda suka fara tura ƙofar. A kundin nan na Buddy Guy akwai kiɗa mai suna "Rememberin' Stevie".

Faɗuwa a Jamus

Duk wannan ɗaukaka tana tafiya ne tare da wata cuta. Tun yana ƙaramin yaro ya fara satar kurɓar barasar mahaifinsa. Da ya girma ya haɗa da hodar iblis. A tsakiyar shekarun 1980 ya kai ga narkar da hodar a cikin wiski yana sha da safe, abin da ya yi wa cikinsa mummunar illa.

Aikin ma ya fara nunawa. Kundin Live Alive, wanda aka ɗauka a wasannin 1985 da 1986, sai da aka yi ta yi masa gyare-gyare a ɗakin ɗaukar sauti, kuma shi kansa daga baya bai yi alfahari da shi ba.

Ranar 27 ga Agustan 1986 mahaifinsa ya rasu. Wata guda bayan haka, ana tsakiyar rangadin Turai, Stevie ya yanke jiki a birnin Ludwigshafen na Jamus. Aka kai shi wani asibiti a Landan, inda likita ya gaya masa cewa bai fi wata ɗaya tsakaninsa da mutuwa ba. A watan Oktoba ya shiga cibiyar gyaran masu shaye-shaye a Atlanta, ya yi mako huɗu. Abokinsa Tommy Shannon shi ma ya shiga irin wannan cibiya a Austin.

Babban tsoronsa, kamar yadda ya sha faɗa daga baya, shi ne ko zai iya kiɗa da idonsa biyu. Tun tasowarsa bai saba hawa dandamali ba tare da ya sha wani abu ba. Ga kuma tsohuwar camfin da ke yawo a duniyar mawaƙa cewa basira da maye tare suke tafiya.

Shekara huɗu na rabo

Amsar ta zo a watan Yunin 1989, da kundin In Step. Sunan yana nuni ne ga matakai 12 da ƙungiyoyin masu daina shaye-shaye ke bi. Waƙoƙi irin su "Tightrope" da "Wall of Denial", waɗanda ya rubuta tare da tsohon abokinsa Doyle Bramhall, suna magana kai tsaye kan jaraba da yaudarar kai. "Crossfire" ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin gidajen rediyon rock, kundin kuma ya ci Grammy. Masu sharhi da dama suna ganin shi ne aikinsa mafi nuna.

Bai mayar da tubansa abin sirri ba. A tsakiyar waƙar "Life Without You" yakan dakata ya yi wa dubban 'yan kallo magana kan yadda ya kusa hallaka, ya roƙe su su kula da kansu da na kusa da su. A garuruwan da ya je wasa yakan nemi taron masu fama da jaraba ya zauna cikinsu kamar kowa.

A 1990 ya cika wani tsohon buri: kundi tare da wansa. Nile Rodgers, wanda ya shirya Let's Dance, shi ya shirya musu Family Style. Kundin ya fito ranar 25 ga Satumba, ƙasa da wata ɗaya bayan haɗarin. Stevie ya mutu ne ranar 27 ga Agusta, ranar da mahaifinsa ya cika shekara huɗu cif da rasuwa.

An binne shi a Dallas. A wurin jana'izar, Stevie Wonder da Bonnie Raitt da Jackson Browne suka rera waƙar bankwana.

Abin da ya bari

Kundi huɗu kacal ya yi a ɗakin ɗaukar sauti tare da Double Trouble yana raye, cikin shekara bakwai. A 1991 Jimmie ya tattara waɗanda ba a fitar ba a kundin The Sky Is Crying. A cikinsa akwai yadda ya kaɗa "Little Wing" ta Hendrix ba tare da rera ko kalma ɗaya ba, kuma ta ci Grammy.

Gwamnar Texas Ann Richards ta ayyana 3 ga Oktoban 1991 a matsayin ranar tunawa da shi. A bakin kogin da ya ratsa Austin akwai mutum-mutuminsa na tagulla, da faffaɗar hularsa da jita a hannu. Mahaifiyarsa ta kafa asusun tallafin karatu da sunansa domin ɗaliban wata makaranta a Oak Cliff. An sa shi a zauren girmamawa na blues a 2000, sannan a na rock a 2015 tare da abokan ƙungiyarsa.

John Mayer, wanda ya gabatar da shi a bikin na 2015, ya sha faɗin cewa kaset ɗin Vaughan ne ya karkatar da shi ga blues. Kenny Wayne Shepherd yana ɗan shekara bakwai ya kalle shi daga gefen dandamali, daga baya kuma Chris Layton ya zama mai yi masa ganga. Gary Clark Jr., baƙar fata ɗan Austin, a Antone's ya goge, kuma yana cikin waɗanda suka kaɗa waƙoƙin Vaughan a daren girmamawar.

Akwai kuma illar da ba laifinsa ba ce. Bayan mutuwarsa an samu ɗimbin masu kwaikwayo, da hula da Stratocaster da gudun yatsu, waɗanda suka tsaya a kansa ba su wuce zuwa ga Albert King da Otis Rush ba. Wannan kishiyar abin da ya yi ta kira a kai ne.

Ana yawan jera sunansa da na Hendrix da Janis Joplin da Duane Allman, a matsayin waɗanda suka tafi da ƙuruciya. Amma labarinsa ya sha bamban da na waɗanda maye ya ci. Shi ya kai bakin ramin ya juyo, ya kuma yi kiɗansa mafi kyau bayan ya juyo.

Mai son ya san shi a waya, bidiyo uku sun isa farawa: wasansa na El Mocambo a Toronto a 1983, zamansa da Albert King a In Session, da fitowarsa ta 1989 a shirin Austin City Limits. A na farko saurayi ne mai wuta a hannu. A na biyu almajiri ne a gaban malaminsa. A na uku mutum ne da ya shekara uku bai sha komai ba, kuma jitar ba ta rage ƙarfi ba ko kaɗan.